Mutumin da Ya Sayar Mana da Afrilu

Mijin ƙanwata, Chester Bialek, yana nan da ransa. Na faɗa tun daga farko don kada wani ya ji ina ba da labarinsa ya zaci ta'aziyya ce, ya shiga wahalar nemo masa halin kirki. Ya kusa tamanin, haƙoransa nasa ne, kuma kullum da safe sai ya fito bakin ƙofa yana harar duk motar da aka ajiye kusa da ciyawarsa. Likita ya ce zuciyarsa lafiya lau take. Na ce wa likitan ai dole, abin da ba a taɓa amfani da shi ba me zai lalata shi.

A layinmu aka haife shi, bayan coci, cikin gidajen da hayaƙin masana'antar ƙarfe ya rine. Ubansa a can ya yi aiki, shi ma yana gama makaranta ya bi sahu. Awo ne aikinsa. Duk sandar ƙarfen da ta fito daga wuta sai ya ɗora mata tef ya ce ta yi ko ba ta yi ba. Ya shekara talatin da wani abu yana cewa ba ta yi ba, ana biyansa. Da aka rufe masana'antar, wasu sun fito da ciwon ƙirji, wasu sun fito da shan giya. Chester ya fito da tef ɗinsa a aljihu, ya juyo kan mutane.

Ƙanwata Rosalie ta aure shi saboda yana da mota kuma ya iya rawa. Motar ta mutu kafin su shekara biyu, rawar kuma tun ranar biki bai sake yi ba. Na gaya mata a bayan coci, tana cikin farar riga, cewa mutumin da ke gyara wa Fada karatu yana tsakiyar ɗaura masa aure ba abin zama ba ne. Ta yi dariya ta ce in riƙe mata furanni. Haka take. Ta zauna da shi shekara arba'in da biyu ba ta taɓa jifarsa da kasko ba, abin da har yau nake ganin ragwanci ne.

Ɗa ɗaya suka haifa, Mitchell. Yaro mai sanyin hali, irin uwarsa. Tun yana ƙarami ba shi da buri sai ya zama kwatabak, wato mai jifa a ƙwallon Amurka, wanda duk ƙwallo sai ta bi ta hannunsa kafin ƙartin nan masu hular kwano su fara karo. Ya rataye tsohuwar taya a jikin bishiyar bayan gida yana jefa ƙwallo ta ramin har duhu ya hana shi gani. Ina gidan ranar da abin ya faru, wata Lahadi, muna cin abinci. Yaron yana shekara goma sha uku, ya ce gobe zai je gwaji a makaranta. Chester ya ajiye cokali ya ce ya shimfiɗa hannunsa a kan tebur, ya ware yatsu. Ya zaro tef, ya auna daga babban yatsa zuwa ɗan ƙarami, ya dubi lambar kamar yana duban ƙarfen da ya lanƙwashe.

"Ba za ka yi ba," ya ce. "Hannun uwarka gare ka. Miƙo min gishiri."

Yaron ya miƙa masa gishirin. Gwajin ne bai je ba, kuma kafin sati ya zagayo ya kwance tayar da kansa. Yana cika sha takwas ya tattara ya tafi Tucson, iyakar nisan da kuɗin motarsa suka kai shi, ya koyi gyaran na'urar sanyaya ɗaki. Ba su yi faɗa ba. Da ma sun yi da ya fi. In ya kira waya uban ya ɗauka, sai ya ce ga uwarka, ya miƙa.

Ƙungiyar ƙwallon garinmu kuwa kun san ta. Na yi aure biyu, na binne miji biyu, ban ga ta ɗauki kofi ba. Sauran garuruwa suna murnarsu da hunturu, lokacin da ake wasannin ƙarshe. Mu tamu murnar a Afrilu take, ranar ɗaukar sabbin yara daga jami'o'i, don doka ta ce ƙungiyar da ta fi kowa shan kashi ita ke gaban layi, ita ke fara zaɓa. Mu kuwa a fagen shan kashi ba mu da na biyu. Duk Disamba sai ka ga dattawa da suka yi shekaru suna biyan kuɗin kujera sun zauna cikin ƙanƙara suna addu'a a ci mu, don mu matsa gaba a layi. Chester ne limaminsu. Na taɓa ganin ya zagi ɗan wasanmu har da uwarsa saboda ya kuskura ya ci wasa ana saura sati biyu a tashi.

Rosalie ce ta fara walimar gareji. Ta lura mijinta da ɗanta ba sa iya zama ɗaki ɗaya sai in akwai yaron wani da za su yi magana a kansa. Sai ta sa aka fitar da mota, aka kafa talabijin a kan firji, ta dafa pirogi, wato curin fulawa mai cushe da dankali, da naman da ake naɗewa a ganyen kabeji, ta kira duk layi, ta kuma gaya wa Mitchell in bai zo ba kada ya sake kiranta uwa. Ya zo. Ranar Alhamis ɗin ƙarshen Afrilu, zagayen farko, uban da ɗan suka zauna a kujeru biyu na roba suna musu a kan gwiwar wani yaro daga Alabama har aka watse. Ba wanda ya tambayi wani lafiyarsa. Amma Rosalie ta wanke tukwane tana waƙa.

Daga nan ya zama al'ada. A wannan rana ɗaya Chester mutum ne. Duk shekara yana zaune gaban talabijin yana kallon wasannin jami'o'in da ko iyayen yaran ba sa kallo, ya san nauyin kowa, ya san wanda aka yi wa aiki a kafaɗa, ya san wanda kakarsa ta raine shi. Maƙwabtan da ke tsallaka titi in sun hango shi, ranar sai su cika garejin, su riƙe faranti suna tambayarsa wa za mu ɗauka. Dokarsa ɗaya ce kuma har yaran layi sun haddace ta: mai jifan da taƙin hannunsa bai kai inci tara ba, ba na garinmu ba ne. Iskar tafkinmu ba ta san sunan kowa ba, kuma ƙwallon da ta daskare sai babban hannu. Abin haushin, ban taɓa kama shi da kuskure a kan wannan ba, kuma na nema.

Da Rosalie ta rasu na ɗauka shi ke nan. Amma Afrilu na zuwa sai ga Mitchell da 'yar jakarsa. Ni na karɓi girkin, ba don Chester ba, don shi ko ruwan zafi ya dafa sai ya ƙone, kuma ba zan bari a ce tukunyar ƙanwata ta yi tsatsa ba.

A irin wannan rana ce, bayan an gama zaɓe ana tattara kujeru, Mitchell ya ce akwai wani yaro a Texas da zai fito baɗi, Rylan Voss, yana jin daɗin kallonsa. A hankali ya faɗa, yana naɗe ledar shara. Ni na san Voss, don ana yawan nuno shi, ga gashi ga haƙora kamar mai tallan man goge baki. Kuma na san abin da kowa ya sani, cewa hannunsa bai kai ba. Na tsaya da tukunya ina jiran Chester ya zaro dokarsa ya maka wa ɗan nasa. Bai zaro ba. Ya dubi hannun Mitchell a kan ledar, ya kau da kai, ya ce yaron yana da ido.

Wannan shi ne farkon masifarmu.

Da kakar wasa ta kama, sai Chester ya zama ɗan kiran kasuwar Voss. Akwai shirin ƙwallo na safe a rediyo da masu zaman banza ke buga waya, shi kuwa tun da can suna kiransa Chester Mai Tef. Kullum sai ya kira. Voss ne zai fitar da mu. Voss ne wanda muke jira tun zamanin kakanni. In mai shirin ya ce to hannun fa, kai da bakinka ka koya mana, sai ya ce hannu ba shi ne mutum ba. Na ji wannan ina soya ƙwai, saura kaɗan in ƙone gidana. Na kira shi na ce Chester, wa ya mutu ya bar maka hankali, kuma me ya sa ya makara da shekara talatin? Ya kashe wayar.

Matsalar ita ce a wannan shekarar ba mu lalace yadda ya kamata ba. Mun ci wasanni kaɗan bisa kuskure, muka faɗa tsakiyar layi, Voss kuwa kowa ya san shi za a fara ɗauka. Gaban layin yana hannun wata ƙungiya ta can kudu, bakin teku, inda mutane ke zuwa kallon wasa da gajeren wando. Ba yadda za mu kai gare shi sai an yi musaya, mu ba su zaɓinmu na shekaru masu zuwa su ba mu wurinsu.

Wasan ƙarshe na gida, ina zaune a falona da shayi, sai talabijin ta hasko 'yan kallo. Ga Chester a tsaye, ƙanƙara a girarsa, shi da wani sakarai sun ɗaga farin ƙyalle an rubuta da jan fenti: KU BA DA KOMAI. Na matso kusa. A gefen ƙyallen akwai ɗinkin furanni shuɗi da ja. Na san kowane zare. Ƙyallen teburin mamarmu ne, wanda ta ɗinka da hannunta a can ƙasarmu ta asali ta ɗauro shi a ƙugu ta hau jirgin ruwa, wanda ba a shimfiɗa shi sai Ista da jajibirin Kirsimeti. Rosalie aka ba don ita ce mai ɗa.

Ko kot ban tsaya sawa ba. Na jira shi a bakin ƙofarsa. Ya ce bai ga wani fari mai girma a gidan ba, kuma ai zane ne kawai. Abin da na gaya masa ba zan maimaita ba, don na riga na faɗa wa Fada, shi ma ya roƙe ni kada in ƙara faɗa masa.

Hoton ya bazu. Aka buga kalmomin a riguna, aka rubuta a gilashin motoci, har wani mai gidan burodi ya zana su a kan kek. A watan Maris mai ƙungiyar ya fito gaban 'yan jarida, da zobe a kowane yatsa, ya ce mutanen gari sun ce a ba da komai, to an bayar. Zaɓin fari na bana, da na baɗi, da na baɗin baɗaɗa, har da na ranar Juma'a, rana ta biyu ta zaɓen, aka haɗa musu gyara. Mutanen kudu suka karɓa da hannu biyu. Ina jin har yau suna dariya.

Ba mai ƙungiyar da ke sayar da shekara uku saboda tsoho da ƙyallen tebur, wannan ko jariri ya sani. Amma Chester ya ce shi ne. A shagon aski ya ce shi ne, a harabar coci ya ce shi ne, a rediyo ya ce in an kawo kofi a fara biyowa ta layinsa. Tun da ya nace, sai gari ya bar masa.

Walimar wannan Afrilun ba a taɓa irinta ba. Mutane har kan titi. Da aka kira sunan Voss, yaron ya hau dandamali ya sa hularmu, manyan maza suka rungume juna suna kuka a kan kabejina. Chester ya juya yana neman fuskar ɗansa. Ina kusa, na ga yadda ya neme ta, kamar kare ya kawo sanda. Mitchell yana zaune, gwangwanin giya a hannu, bai tashi ba.

"To ga shi nan na kawo maka," in ji Chester.

"Cewa na yi ina son kallonsa, Baba. Ban ce a sayar da gida ba." Ya juya gwangwanin. "Baɗi war haka me za mu zo yi?"

Chester ya ce baɗi war haka muna goge kofi. Mutane suka yi shewa. Ni ban yi ba, don na ga yaron ya dubi garejin daga bango zuwa bango kamar mai sallama. Duk garin, da masu rediyo da masu jarida, ba wanda ya yi wannan lissafin sai shi. Mun sayar da ranar murnarmu guda ɗaya don mu sayi murna.

Satumba da Oktoba Voss ya yi abin kirki, kada in ci haƙƙinsa. Yana da ido, kamar yadda aka ce. Sai Nuwamba ta zo, iska ta taso daga tafki. Yaron da bai taɓa ganin ƙanƙara ba sai a cikin kofi ya ɗaga hannu zai jefa, ƙwallo ta zame ta faɗi bayansa. Ya juya yana nemanta kamar wanda ya yar da makulli. Sati na gaba haka, na gaba ma haka. Har ya zama in ya ja baya zai yi jifa sai filin ya yi tsit, kowa na jiran ya ga ta ina za ta suɓuce yau. Ni dai tausayinsa na ji, ɗan mutane. Ba shi ya sayi kansa ba.

A Disamba muka koma gidanmu na gado, ƙarshen tebur. A da, wannan lokacin ne dattawa ke fara murmushi. Yanzu duk kashin da muka sha, mutanen kudu ne ke matsawa gaban layi da shi. Mu ke cin duka, su ke karɓar lada. Mutanen garinmu sun jure rufe masana'anta, sun jure magajin gari ɓarawo har biyu, amma shan kashi kyauta ya fi ƙarfinsu. Chester kuma, wanda ya yi rabin rayuwarsa yana addu'a a ci mu, ya zauna a kujerarsa yana son mu ci, bai ma san yadda ake yi ba. In ya tafa sai ya dubi hannuwansa.

Gari ya juyo kansa. Wani ya fara ajiye safar hannu ta jarirai a kan ciyawarsa, daga nan kowa ya kama, har ta zama kamar an shuka su. Masu rediyo suka ci gaba da ɗaukar kiransa, amma sai su sa muryarsa ta bara yana cewa hannu ba shi ne mutum ba, su bi ta da kukan jaki. A coci layin kujerarsa ya zama nasa shi kaɗai. Mai aski ya ce masa yau ba wuri, alhali shagon ba kowa sai kyanwa. Ni ban ajiye safa ba, ina da mutuncina. Na dai gaya wa matan ƙungiyar coci shagon da ya fi araha.

Bai janye ba. Ya ce masu tare wa yaron ne ragwaye, ya ce kocin jaki ne, ya ce a ba shi lokaci. Mutumin da ya san gaskiyar tun kafin kowa, wanda ya koya wa gari dokar, shi kaɗai ya rage yana musunta ta. Mutane suka ce girman kai ne. Ni na san ba shi kaɗai ba ne, ko da yake akwai shi da yawa. In ya yarda hannun Voss ne matsalar, to ya sake auna hannun ɗansa a gaban duniya ya ce bai yi ba.

Afrilu ta zo. Ya fitar da mota, ya kafa talabijin, ya jera kujeru kamar kullum. Na dafa rabin tukunya don na san garina. Ba wanda ya zo. Mitchell ya turo min saƙo, ni ba uban ba, wai aiki ya yi yawa, Anti ki gaishe shi. Muka zauna mu biyu a cikin kujeru kusan talatin muka kalli mutanen kudu sun ɗauki zaɓinmu, na ɗaya a duk ƙasa, suka zaɓi wani ƙato mai hannu kamar shebur. Chester ya fara faɗin nauyinsa da makarantarsa da sunan kakarsa, da ƙarfi, yana duban kujerun. Na bar shi ya gama. Sannan na ce masa kabejin ya huce, shi kuma ya tsufa, ya kira ɗansa.

Ya ce ya kira ya ce masa me? Ba mu da zaɓi.

Na ɗauka taurin kai ne. Sai na dube shi na ga da gaske yake tambaya. Mutum ya kusa kabari, harshe ɗaya ya iya yi da ɗansa, ya kuma ɗauke shi ya ba mutanen kudu gyara.

Shekara ta biyu ta fi ta farko muni. Kafin Kirsimeti aka zaunar da Voss a benci da ƙatuwar riga, aka sa wani tsoho da aka ɗauko daga gonarsa. Safar jarirai ta daina zuwa, don ko tsana sai da kuzari. Chester ya daina kiran rediyo. Na riƙa leƙa shi sau ɗaya a sati in tabbatar bai mutu ya yi wari ba, kuma kullum sai in same shi gaban talabijin yana kallon wasu wasanni a filayen da ba su fi na makarantar firamare ba, 'yan kallo ba su kai a cika motar haya ba. Na tambaye shi wannan kuma wace sabuwar hauka ce. Ya ce yaran Asabar ne.

Ana kwana uku ana zaɓen. Alhamis ta 'yan gata ce, Juma'a ta masu rabo, Asabar kuwa ta ragowa ce, zagaye na huɗu zuwa na bakwai, da rana tsaka, lokacin da mutanen kirki ke yankan ciyawa. Ko masu gabatarwa hamma suke yi. Ita kaɗai mai zobe ya bar mana, don ba wanda ya tambaya.

Da Afrilu ta sake ƙaratowa na je gidan da niyya. Na ɗauki wayarsa na danna lambar Mitchell na manna masa a kunne, na tsaya a bakin ƙofa da tsintsiya don kada ya gudu. Na ji an ɗauka. Na zaci zai ce ya kake, ko yi haƙuri, ko wani abu irin na 'yan Adam.

"Akwai wani yaro a Dakota," in ji Chester. "Mai tare gaba. Ba wanda ya san shi. Zai kai zagaye na shida."

Har na fara neman kalmar da zan zage su da ita su biyun. Sai na ji muryar Mitchell 'yar ƙarama daga cikin wayar.

"Ekdahl? Gwiwarsa ta lalace."

"Wa ya gaya maka? Ƙarya ne. Idon sawu ne, kuma ya warke."

Ashe shi ma can a Tucson yaran Asabar yake kallo. Na bar su suna musu na shiga kicin na duba abin da ya ruɓe a firji. Da na fito suna kan wani daga Montana. Ban ji wanda ya ce zo ba, ban ji wanda ya ce ina zuwa ba.

Ranar Asabar ɗin Chester ya jera kujeru uku kacal. Ya ce ta ukun ta ajiye faranti ce. Na ce to, ni ma tukunya cike na dafa saboda ɓeraye. Zagaye na huɗu ya wuce, na biyar ya kama. Yana ta miƙewa wai zai gyara eriya, talabijin ɗin da ba ta da eriya, yana leƙa titi. Ana cikin na biyar wata motar haya ta tsaya. Mitchell ya shigo da jakarsa, furfura ta fara masa a gefen kunne, ya sumbace ni a kumatu ya ce Anti kin rame, wanda ƙarya ne. Ya ɗauke farantin daga kujerar ya zauna.

Uban ya ce ya makara. Ɗan ya ce jirgi ne. Gaisuwar ke nan.

Zagaye na shida ya zo, Ekdahl yana nan ba a ɗauka ba. Saura ƙungiya uku kafin mu, saura biyu, saura ɗaya. Su biyun suka sunkuyo gaba, gwiwar hannu a kan cinya, wuya a miƙe, iri ɗaya sak, har na ji haushin yadda jini ba ya jin magana. Sai rubutu ya fito a ƙasan talabijin. Ƙungiyarmu ta sayar da zaɓin. Ta ba wasu, ta karɓi na zagaye na bakwai da wani mai bugun ƙwallo da ƙafa wanda ya girmi Mitchell. Waɗanda suka karɓa kuwa ko numfashi ba su ja ba suka ɗauki Ekdahl.

Na yi zama da maza biyu kuma na yi aiki a kantin giya, amma ban taɓa jin zagi irin na wannan rana ba. Suka miƙe tare. Uban ya fara daga mai zobe, ɗan ya karɓa daga kakanninsa, in ɗaya ya tsaya jan numfashi ɗayan ya cike masa. Mitchell, wannan salihin, ya jefi talabijin da pirogi daga ƙarshen gareji ya sami mai gabatarwa a tsakiyar goshi. Chester ya tsaya da zagin. Ya dubi tabon man a gilashi, ya dubi nisan, ya dubi hannun ɗansa. Na ga hannunsa ya tafi aljihun wando, inda tef ɗin yake tun kafin a haifi yaron, don shi bai san wata hanyar duban abu ba. Ya laluba. Ya laluba ɗayan.

"Ba laifi," ya ce daga ƙarshe, yana kallon talabijin. Ya zauna.

Mitchell ya ƙara kabeji, kuma sai Talata ya tafi. Kafin ya shiga mota na ji yana tambaya ko gaskiya ne baɗi zaɓinmu na fari zai dawo. Uban ya ce zai dawo in wannan ɓarawon bai sake sayarwa ba, kuma da irin 'yan wasan da muke da su, gaban layi namu ne. Ya faɗa da fara'a, irin ta mutumin da ƙungiyarsa za ta sha kashi har Kirsimeti.

Kada wani ya ɗauka ya gyaru. Jiya ma ya kira 'yan sanda saboda ƙwallon yaran maƙwabta ta faɗa ciyawarsa. Ƙyallen mamarmu na kai wa masu wanki uku, fentin bai fita ba, yana naɗe a akwatina da KOMAI a samansa, kuma ban yafe ba, ba kuma zan yafe ba. Tef ɗin kuwa har yau yana nema. Ya birkice gareji, ya zargi mai kawo wasiƙa, ya zargi ɗan Dubiel na gidan gaba. Tun safiyar Asabar ɗin nan na zare shi daga wandon da ya rataye a bayan ƙofa, lokacin yana wanka. Ina auna labule da shi.